Mai Zafin Zuciya Ma Yana da Gurbi a Ƙaunar Allah

Kowane gida yana da irinsu, haka kowace unguwa da kowace majami'a. Su ne waɗanda in sun kama abu ba sa yi masa riƙon sakainar kashi. In murna ce sai maƙwabta sun ji, in baƙin ciki ne hawaye ba ya jiran su shiga ɗaki. In aka zalunci wani a gabansu, kafin dattawa su gama gyaran murya sun riga sun miƙe tsaye. A ƙungiyar matasa su ne masu kawo shawarar da ta fi ƙarfin asusu, a zumuntar mata su ne masu ɗaga waƙa tun ba a fara kiɗa ba. Wasu su yaba musu da himma da ƙwazo, wasu su ce rawar kai ce da garaje, ko a ce ai wane zuciyarsa a kusa take.

Tarbiyyarmu ta ƙasar Hausa ta fi karkata ga mai sanyin hali. Mutumin kirki a wurinmu shi ne mai kunya, mai kawaici, mai haɗiye magana. Muna cewa haƙuri maganin zaman duniya, muna cewa garaje ba ƙarfi ba ne, kuma duk gaskiya ne. Sai dai yaron da ya taso kullum ana ce masa ya cika zafi yakan girma yana ganin kamar an yi kuskure wajen halittarsa, har wata rana ya tambayi kansa ko Allah ma da wannan ido yake kallonsa. Addinin Kirista yana da amsa ga wannan tambaya, kuma amsar tana kwance cikin labaran mutanen da Littafi Mai Tsarki ya ba mu tarihinsu ba tare da ya rufa musu asiri ba.

Irin mutanen da Yesu ya jawo kusa da shi

Da a ce kwamitin dattawa aka ba aikin zaɓen almajirai goma sha biyu, da wuya Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, su tsallake tantancewa. Masunta ne daga tekun Galili, kuma Markus ya gaya mana a sura ta 3 cewa Yesu da kansa ya yi musu laƙabi da 'ya'yan tsawa. Ba banza ba. A sura ta 9 ta Luka, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar Yesu saboda ya nufi Urushalima, sai 'yan'uwan nan biyu suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye garin kaf. A wannan surar dai Yohanna ya kawo rahoton cewa sun hana wani mutum fitar da aljanu da sunan Yesu, don kawai ba ya cikin ayarinsu. Daga baya kuma suka roƙi a keɓe musu kujerun dama da hagu a mulki mai zuwa, har sauran goman suka fusata.

Duk lokacin da suka yi haka Yesu ya tsawata musu, amma bai taɓa sallamarsu ba. Su biyun nan tare da Bitrus ne ya shiga da su ɗakin 'yar Yayirus, su ya hau dutse da su ranar da kamanninsa suka sāke, su kuma ya ja kusa da shi a lambun Getsamani a daren da ya fi kowane dare nauyi. Sai mu dubi ƙarshen labari. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, da aka ji Samariyawa sun karɓi bishara, wa aka aika ya je ya yi musu addu'a? Bitrus da Yohanna. Mutumin da ya so ya ƙone ƙauye ɗaya na Samariya ya dawo yana bin ƙauyukansu ɗaya bayan ɗaya da wa'azin salama. Yakubu shi ne na farko cikin manzanni da aka kashe saboda bangaskiya, da takobin sarki Hirudus. Yohanna kuwa shi ikilisiya take tunawa da manzon ƙauna, domin wasiƙarsa ta fari kusan ba ta da wata magana da ta wuce wannan.

Labarin Bitrus ya fi sanuwa. Shi ne ya fita daga jirgi don ya taka ruwa, ya fara nutsewa. Shi ne ya ja Ubangijinsa gefe yana yi masa faɗa don ya yi maganar mutuwa. Da Yesu ya zo wanke masa ƙafa ya ƙi ƙememe, minti ɗaya bayan haka ya ce a haɗa da hannu da kai. Ya rantse ko kowa ya gudu shi yana nan, ya zare takobi ya datse kunnen Malkus bawan babban firist, kafin zakara ya yi cara kuma ya yi musun sanin Yesu har sau uku a gaban bayi da kuyangi. Ga al'adar duniya, wanda ya yi haka ya gama yawo. Amma a sura ta ƙarshe ta Yohanna, a bakin teku, Yesu ya fara ba shi gurasa da gasasshen kifi, sannan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai nemi ya yi alkawarin zama mai sanyin hali ba. Ƙauna ya tambaya, da ya samu amsa kuma ya danƙa masa kiwon garkensa. Makonni kaɗan bayan haka wannan bakin da ya yi musu ya yi wa'azin ranar Fentikos, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma.

Wanda ya san doki ya san wannan magana. Mahayi ba ya zuwa kasuwa neman dokin da ba ya motsi don gudun kada ya kayar da shi. Ingarma yake nema mai ƙarfi da wuta a jiki, sannan ya sa masa linzami, ya yi ta fita kilisa da shi har dokin ya san hannunsa. Ƙarfin yana nan yadda yake, abin da ya sauya shi ne wanda ke riƙe da ragama.

Haka nan Littafi Mai Tsarki bai raina wanda ƙaunarsa ke fitowa fili ba. Sarki Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal ta leƙo ta taga ta raina shi, amma labarin ya nuna ita ce ta yi kuskure. A Betanya wata mace ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu, turaren da aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura dinari 300, wato kusan ladan lebura na shekara guda. Waɗanda ke wurin suka ce almubazzaranci ne. Yesu ya kāre ta, ya ce za a riƙa ba da labarinta duk inda bishara ta kai.

Inda himma take zama bala'i

Kada mai zafin zuciya ya karanta wannan ya ɗauka an ba shi lasisi. Littafin da ya yabi himma shi ne kuma ya fi kowa tona haɗarinta, kuma babban shaida a nan shi ne Manzo Bulus. Tun yana Shawulu mutumin Tarsus, ɗalibin babban malami Gamaliyel, ya shige gaban tsararrakinsa wajen kishin addinin kakanninsa. Wannan kishi ne ya sa ya tsare tufafin masu jifan Istifanas, ya bi gida gida yana jan maza da mata zuwa kurkuku, ya karɓi takardu don ya kamo masu bi har a Dimashƙu. Duk wannan yana yi ne da zuciya ɗaya, yana ganin Allah yake wa hidima. Shi ya sa da ya zo rubuta wa Romawa, a sura ta 10, ya yi maganar kishin Allah da ba ya tare da sani, domin ya taɓa zama cikinsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in kuma ya haɗu da zafin zuciya, wasu ne ke shan wuyarsa.

Tarihin ikilisiya ma yana da nasa tabon, kuma Kirista na gaskiya ba ya ɓoye shi. A shekarar 1095 Fafaroma Urban na biyu ya yi kiran da ya haifar da yaƙe-yaƙen Salibiyya. Dubban mutane suka ɗinka alamar gicciye a rigunansu suka fita cike da himma. Da suka ci Urushalima a 1099 suka yi wa Musulmi da Yahudawan birnin kisan gilla. A 1204 kuma wata rundunar ta wawashe Kustantiniya, Santambul ta yau, birnin 'yan'uwansu Kirista. Ba rashin kishi ya kai su ga haka ba. Sun ɗauki takobin da Yesu ya umarci Bitrus ya mayar kube.

To, yaya za a bambanta himma mai kyau da mai ɓarna? Rayuwar Yesu ta ba da ma'auni. Shi ma ya yi fushi. Ya kori masu ciniki daga haikali, ya kifar da teburan 'yan canji. Ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ya yi kuka a kan Urushalima. A sura ta 3 ta Markus ya dubi masu taurin zuciya cikin majami'a da fushi, amma abin da fushin ya haifar shi ne warkar da wani mai shanyayyen hannu. Himmar Bitrus ta cire kunne, Luka kuma ya ce Yesu ya taɓa kunnen ya warkar da shi, alhali mai kunnen yana cikin waɗanda suka zo kama shi. Don haka tambayar da mai zafin zuciya zai yi wa kansa bayan ƙura ta lafa ita ce: wa ya warke saboda zafina, wa kuma ya ji rauni? Tambaya ta biyu: don mutuncina na fusata, ko don an danne wanda ba shi da mai tsaya masa? Ta uku: in aka tsawata mini, ina iya tsayawa in saurara? Bulus ya taƙaita maganar a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa, inda ya nuna cewa mutum yana iya rabar da duk dukiyarsa, ya ba da jikinsa ma, amma in ƙauna ba ta ciki ya tashi a tutar babu.

Abin lura shi ne, haɗuwar Bulus da Almasihu a hanyar Dimashƙu ba ta mayar da shi salihin da ba ya ɗaga murya ba. Ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Ya yi saɓani mai zafi da Barnaba a kan Yohanna Markus, saurayin da ya taɓa barinsu a tsakiyar tafiya, har suka raba hanya, Barnaba ya nufi Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Amma a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, yana kurkuku kusa da ƙarshen ransa, ya roƙi a zo masa da wannan Markus ɗin domin yana da amfani a gare shi. Wanda dā yake sa a yi wa mutane bulala ya zama mai karɓar bulala saboda su, wanda ya yanke wa yaro hukunci ya dawo ya yaba masa. Gyaran ya ɗauki shekaru, kuma Allah bai jira ya kammala ba kafin ya yi aiki da shi.

Ranar da ƙarfi ya ƙare

Akwai wata cuta da ke kama masu himma wadda mutane ba su cika gani ba. Saboda sun saba a yaba musu kan abin da suka yi, sukan fara auna ƙaunar Allah da yawan aikinsu. Ranar da wa'azi ya yi armashi sai su ji Allah yana tare da su, ranar da suka gaza sai su ji ya juya musu baya. Irin wannan mutum yakan faɗi ƙasa warwas, kuma faɗuwarsa takan zo ne bayan babbar nasara.

Annabi Iliya ya tsaya shi kaɗai a kan Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko, fari na shekaru ya ƙare da ruwan sama. Ba a jima ba saƙon barazana ya zo daga sarauniya Yezebel, sai ga gwarzon jiya yana gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya nausa jeji, ya zauna gindin wata bishiya yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. A sura ta 19 ta littafin Sarakuna na fari za a ga yadda Allah ya bi da shi. Bai fara da faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa, ya sāke barinsa ya kwanta, ya sāke ciyar da shi. Sai da ya kai Dutsen Horeb bayan tafiyar kwana 40 sannan aka yi magana. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, amma cikin murya marar hayaniya Allah ya yi magana da annabin wuta. Iliya ya yi ta kukan cewa shi kaɗai ya rage, sai aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya kuma magajinsa.

A nan zuciyar koyarwar Kirista take. Ƙaunar Allah ba ladan himma ba ce. Bulus ya koyar a sura ta 5 ta Romawa cewa Almasihu ya mutu domin mutane tun suna cikin zunubinsu, Yohanna kuma ya nuna cewa ƙaunarmu amsa ce kawai ga wadda Allah ya riga ya nuna mana. Abin da Kirista ke kira alheri ke nan: kyauta wadda ba aiki ya saye ta ba, saboda haka gajiya ba ta iya ƙwace ta. Allah ya ƙaunaci Iliya a Karmel, kuma ƙaunar ba ta ragu ba da ya kwanta gindin bishiya ba ya iya ɗaga yatsa. Mai himmar da ya gane haka yakan iya hutawa ba tare da jin laifi ba, yakan iya barin wani ya karɓi aiki, yakan iya cewa na yi kuskure ba tare da ya ji duniyarsa ta rushe ba.

Littafin Wahayin Yohanna ya nuna ramuka biyu da ke gefen wannan hanya. An tsawata wa ikilisiyar Lawudikiya saboda ta zama tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi, ta ƙoshi da dukiyarta. Amma an tsawata wa ikilisiyar Afisa ma, wadda take aiki tuƙuru, take jure wahala, take bankaɗo manzannin ƙarya, saboda ta bar ƙaunarta ta farko. Ashe mutum yana iya cika majami'a da hidima alhali zuciyarsa ta daɗe da barin wanda ake wa hidimar.

Wani babban malamin ikilisiya ɗan Afirka ya yi dogon nazari a kan wannan. An haifi Agustin a shekarar 354 a garin Tagaste, cikin Aljeriya ta yau. Saurayi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da zafin sha'awa, ya bi mata, ya bi suna, ya yi shekaru cikin wata ƙungiyar addini yana neman gaskiya, mahaifiyarsa Monika tana binsa da hawaye da addu'a. An yi masa baftisma a Milan a 387, ya zama bishop na Hippo fiye da shekara 30 har rasuwarsa a 430. Abin da ya koyar shi ne, damuwar ɗan Adam ba yawan so ba ne, rashin jera abubuwan so bisa matsayinsu ne. Mutum ya ɗora ƙaramin abu a kujerar babba: ya so suna fiye da gaskiya, ya so ƙabilarsa fiye da adalci, ya so aikin Allah fiye da Allah. In aka mayar da Allah kan kujerarsa, sauran abubuwan so sukan sami nasu wurin, kuma zafin da dā yake cin mai shi ya koma amfanin jama'a.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A Kaduna, Fasto James Wuye ya taɓa jagorantar matasan Kirista masu ɗaukar makami, ya kuma rasa hannunsa na dama a wani rikici da aka yi a 1992. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikici. An haɗa su a 1995, kuma daga wannan haɗuwa aka sami cibiyar sasanci tsakanin addinai da suke jagoranta tare. Faston da kansa ya sha faɗa cewa ƙiyayyar ba ta fita daga zuciyarsa rana ɗaya ba, shekaru ta ɗauka. Amma ƙarfin halin da ya tara matasa don faɗa shi ne ya kai su biyun Yelwan Shendam a jihar Filato don sulhu bayan rikicin 2004, ya kuma kai su har Kenya bayan tarzomar zaɓen 2007. Mai sanyin jiki da wuya ya shiga garin da jini bai bushe ba yana kiran mutane su yafe wa juna.

Abin da ya rage mana

Ga iyaye da malamai, yaron nan da ya cika tambaya da gardama, yarinyar nan da ba ta iya ganin zalunci ta yi shiru, kada ku kashe musu zuciya da zagi da gori. Ku koya musu ladabi, ku koya musu jiran lokaci, amma ku ba su aikin da zai ci ƙarfinsu, ku kuma bari su ji daga bakinku cewa kuna ƙaunarsu ko a ranar da suka yi ɓarna.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya, sau da yawa matashin da ya fi damunku a taro shi ne wanda zai yarda ya tafi ƙauyen da kowa ke gudu. In kuka rufe masa ƙofa, masu neman 'yan bangar siyasa da masu hura wutar rikici suna nan suna jiransa, kuma su ba sa ce masa ya cika zafi. Ku ja shi a jiki kamar yadda Barnaba ya ja Shawulu lokacin da duk almajiran Urushalima ke tsoronsa. Ku kuma lura da masu hidimar da ba sa hutawa, ku tilasta musu hutu tun kafin su faɗi.

Kai kuma mai zafin zuciya, namiji ko mace, Allah bai yi kuskure ba da ya halicce ka haka, kuma ba ya jiran ka huce kafin ya ƙaunace ka. Amma wannan ƙauna ba za ta bar ka yadda ta same ka ba. Ka nemi sani kafin ka ɗaga murya, ka sami dattijo ko aboki da zai iya ce maka tsaya ka kuma tsaya, ka koyi neman gafara da saurin da kake fushi. Kada ka ɗauki makami da sunan wanda ya warkar da kunnen maƙiyinsa. Ƙasarmu tana da marayu, da marasa lafiya, da garuruwan da ke buƙatar sulhu, aikin da zai ishe zafin kowa. Allah ya ba mu himma mai tafiya da ƙauna, ya kuma ba mu haƙurin zama da juna. Amin.